Yadda Na Raba Mai Jan Bango Gida Uku

Shekaranjiya ɗaya daga cikinku, ku matasan da kuke cika mini benci da yamma ba ku taɓa aron ko ƙasida ba, ya ce wai idan ya gama makaranta bai samu aiki ba zai buɗe rumfa irin tawa. A ganinsa hayar littafi ba ta wuce a miƙa wa mutum ya karanta ya dawo da shi ba. Na yi dariya har basilla ta soke ni. To ku gyara zama. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan ni Sahabi ina wannan rumfa ta bakin tashar Jega, ina ba da hayar littattafan labari, ina ɗinke waɗanda suka yage, kuma sau ɗaya saura ƙiris in rufe ta da hannuna saboda tsabar wayo.

Da takalmi na fara, ba da littafi ba. Mahaifina ya kai ni wajen Malam Dikko, wani baduku a bayan kasuwa, mutumin da kallonsa ya fi maganarsa yawa. Wata uku ban taɓa fata ba, aikina shafa wa zare danko kawai. Littafin farko da na ɗinka na matarsa ne, wani labari da ya warwatse saboda yawan aro, ta aiko da shi a cikin leda. Na jera takardun yadda na ga dama, na huda, na ɗinka, ya yi kyau gwanin sha'awa. Bayan kwana biyu ya dawo da saƙo: a tambayi Sahabi yadda aka yi aka binne Alhajin labarin a shafi na arba'in, sannan aka ɗaura masa aure a na sittin. Malam Dikko ya miƙo mini reza ya ce, “Kwance shi. Ka riƙa dibin lamba kahin ka huda.” Da na sake ɗinka shi daidai sai matan unguwa suka fara aiko da nasu, daga nan na yi sallama da takalmi.

Kayan aikin ga su nan, ba a ɓoye suke ba. Basilla biyu, babba ta bango, ƙarama ta takarda. Zaren ɗinkin buhu, a raba shi biyu a shafe da danko. Kwalin sabulu na yin bango, don na taliya laushi gare shi, damina ɗaya ya lanƙwashe. Ƙaro da nake jiƙawa a gwangwanin madara, da reza, da wancan tsohon dutsen guga na gawayi da nake danne littafi da shi har ya bushe. Duk wannan cikin mako biyu za ku iya. Abin da ya ci mini shekaru shi ne karatun gefen littafi.

Idan aka dawo mini da littafi ba na buɗe shi, gefensa nake dubawa. Wanda ya fito daga hannun direbobi baƙin mai ne a jikinsa. Wanda ya je Birnin Malam, in ka kaɗa shi sai ƙwayar gero ta faɗo. Na Aliero kuwa ba sai na duba ba, tun daga bakin titi hancina yake gaya mini ya kwana kusa da albasa. Mata suna barin manja da lalle daidai inda babban yatsa yake dafawa. Labari mai bin mutum ɗaya, dattinsa a shimfiɗe yake daga farko har ƙarshe. Amma labari mai manyan mutane uku ko huɗu, wanda wannan babi na wane ne, na gaba na wance, gefensa ratsi-ratsi yake dawowa kamar saƙi. Nan baƙi, nan fari tas. Kowa ya bi nasa ya tsallake sauran, sannan ya zo ya rantse mini ya karance.

Na daɗe da raba masu hayata kashi-kashi a kan wannan. Direbobi namiji ɗaya suke so, wanda ya sha wuya ya yi arziki, in so samu ne ya sayi babbar mota a ƙarshe. Matan cikin gida suna son yarinya ɗaya da za su riƙe kamar 'yarsu. Mutum ɗaya tak na sani da take neman mai taron jama'a da gangan, Malama Rifkatu, 'yar Filato ce da take koyarwa a wata firamare a Maiyama. Duk ƙarshen wata takan zo ta ce, “Malam Sahabi, ba ni wanda ya fi cunkoso. Wanda mutum ɗaya yake ta surutu shi kaɗai, barci yake sa ni.” Nakan ce mata ita da take wuni da yara arba'in, ai na ɗauka shiru za ta nema.

Sai shekarar da waya ta ci kasuwarmu ta zo. 'Yan mata suka koma karatu a waya, direbobi suka koma sauraron masu karantawa a cikin mota. Akwai ranar da na buɗe tun hantsi har la'asar ba wanda ya tsaya sai wani baƙo mai tambayar hanyar masallaci. Abin da ya riƙe rumfar nan a shekarar mace ɗaya ce, Hajiya Kulu, dillaliya daga Aliero. Atamfa da turare take kaiwa gida-gida, a ƙarƙashin atamfar kuma littattafaina. Duk ranar kasuwa takan dawo da ɗauri ɗaya ta ɗauki wani, ta raba wa matan Aliero har zuwa Jiga Birni. In ba ita, ba tuwo a gidana, kuma ta san da haka sarai.

Wata ranar kasuwa ta kwance ɗaurinta, ta zaro wani littafi mai kauri ta dangwarar mini a kan tebur. Sunansa na gaskiya ya tafi tare da bangonsa na asali, mu dai Mai Jan Bango muke ce masa, saboda jan yadin da na lulluɓe shi da shi.

“Malam Sahabi,” in ji ta, “wanga kak ka ƙara sa man shi cikin kaya. Mata sun ce ba su so. Mace na tsakiyar bin yarinya, sai a ɗauke ta a kai ta tasha wurin wani direba. Daga can a kai ta bakin gulbi wurin wani tsoho. Kahin a dawo tuwo ya ƙone, an mance inda anka tsaya. Mu mutum guda muka so, mu bi shi har ƙarshe.”

Na ce, “Hajiya, sababbi ba su shigowa yanzu, sai haƙuri.”

“To in ba ka da su, in koma ga atamhwata. Kaina ba na ƙarhe ba na.”

Bayan ta tafi na ɗauki littafin ina jujjuyawa. Mutum uku ne a cikinsa: wata yarinya Hindatu, da yayanta Mamman direba, da wani tsoho mai fito, Baba Audi. Kowane babi da sunan mai shi a sama. Na dubi gefensa, ratsin mata daban, ratsin direbobi daban, babin tsohon kuwa fari sol kamar ba a taɓa buɗewa ba. A nan wayon ya zo mini. Tunda kowa nasa yake bi, me zai hana in ba kowa nasa? Littafi ɗaya da ba a so ya zama uku da ake so.

Aikin ya ci mini kwana huɗu. Na kwance ɗinkin, na bi da reza, na yi tari uku. Wahalar ita ce takarda fuska biyu gare ta: gaba ƙarshen babin Hindatu, baya farkon na Mamman. Duk inda aka yi haka sai in zauna in kwafe fuska ɗaya da biro, har yatsana ya yi kanta. Babi na ƙarshe na ga sunan Baba Audi a samansa, na jefa shi a tarin tsoho ban ko waiwaya ba. Ga abin kunyar, kuma yau na fara faɗarsa a bainar jama'a: ban taɓa karanta Mai Jan Bango har ƙarshe ba. Ni ma ina cikin masu tsallake tsohon.

Da farko abin ya yi albarka har na fara jin kaina. Littafin Hindatu ya shiga Aliero ya ƙi fitowa. A cikinsa ubansu ya rasu ya bar gona, Mamman ya sayar da ita bai gaya wa kowa ba, yarinya ta sha wuya ta gama makaranta, ranar da ya zo yi mata barka ta rufe ƙofa ta bar shi tsaye. Nan ya ƙare, mata suka ce madalla. Na ji labarin har kyanwa mai satar kifi Mamman ake ce mata a wata unguwa. Hajiya Kulu da kanta ta riƙe shi mako biyu kafin ta ba kowa. Ban yi mamaki ba, don duk wanda ya san ta ya san tana da wa a Kuberi, can wajen Maiyama, mai suna Alu, wanda ya sayar da fadamar ubansu, kuma shekara tara ba ta taka garin ba.

Littafin Mamman kuma ya zaga tasha, har waɗanda suka koma waya suka dawo suna layi. Na tsohon ne ya zauna a kanta yana shan ƙura, sai da Malama Rifkatu ta zo. Ta ɗaga shi, siriri kamar littafin awo, ta buɗe, ta dube ni ta saman tabarau.

“Malam Sahabi, wa ya yi wannan ta'asa?”

Na ce gyara ne, zamani ya zo da shi.

“Ka san inda ka sa ƙarshen labarin kuwa?”

Na ce kowa da ƙarshensa a hannunsa. Ta yi wata 'yar dariya da ban so ba, ta jefa littafin a jaka ta ce, “Bari in tafi da tsohona kafin ka raba shi shi ma.”

Ba a yi wata ɗaya ba ƙwai ya fashe. Hajiya Kulu ta shiga motar wani direba mai suna Cindo za ta koma Aliero, aka ba ta gidan gaba saboda girma. A hanya wani mai babur ya yanke su, Hajiya ta leƙa ta taga ta ce masa Mamman. Cindo ya tambaya wane Mamman. Ta ce maci amanar cikin littafi. Cindo kuwa sau biyu ya karanta nasa, har yana cewa in ya samu ɗa sunan zai sa masa. Fasinjoji sun ce tun ana wasa har murya ta tashi, shi yana cewa Hindatu butulu ce, ita tana cewa duk direba halinsu ɗaya. Ƙarshenta ta ce a sauke ta, aka sauke ta a tsakiyar gonakin albasa da ɗauri a ka, sai wata motar ta ƙarasa da ita.

Washegari da hantsi sai ga su su biyu a gabana, ba su ko gaisa ba.

“Malam Sahabi, ka hiddo man gaskiya,” in ji Hajiya. “Wanga yaro ya ce Mamman don jinyar uwassu yas sai da gona. Ina anka rubuta hakanga? Ni sau ukku nik karance littahin, ban gani ba.”

Cindo ya ce, “Shina nan cikin nau, Hajiya, da idona nig gani. Uwar ta da kanta tac ce kar a hwaɗa ma yarinya, kar ta baro makaranta.”

“Da kai nika magana?”

Ba yadda zan yi, na bayyana musu littafi ɗaya ne na raba uku. Na ƙara da cewa, cikin ladabi, ai ita ta ce mutum guda suke so.

“Mutum guda nic ce, ban ce rabin magana ba! Ka sa na bi gida-gida ina zagin bawan Allah, na sa mata sun tsine mai.” Sannan ta tambaya da wata murya daban, “To ƙarshe hwa? Yarinyar ta sani, ko ba ta sani ba?”

Na dubi Cindo, Cindo ya dube ni. Nasa ya ƙare ne Mamman yana tsaye a bakin ƙofa.

Na ce, “Ban sani ba, Hajiya.”

“Ba ka sani ba. Kai da ka ba da haya tai.” Ta sauke ɗaurin littattafaina gaba ɗaya a kan tebur, ta naɗe zanen da take ɗaure su da shi. “Ga kayanka. Ran kasuwa in niz zo ban ishe littahin nan cikakke ba, ka nemi jakin da za ya ɗaukar maka.”

Tsoro ya kama ni ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Na rufe rumfa na shiga motar Maiyama. Na samu Malama Rifkatu lokacin hutun yara, tana zaune a gindin dalbejiya tana duba aikin yara. Ko gaisuwa ban gama ba ta buɗe jaka ta fito da tsohon.

“Na san za ka zo. Amma ba zan ba ka ba sai ka karanta babin ƙarshe a gabana. Zauna.”

Bencin 'yan aji biyu ta nuna mini. Na zauna gwiwoyina suna neman haɓata, yara sun kewaye ni suna kallon sabon ɗalibi mai furfura. Na karanta. Ashe Hindatu ta shiga jirgin Baba Audi za ta haye gulbi, da suka kai tsakiyar ruwa tsohon ya ajiye filafili ya gaya mata komai, don shi ne ya riƙa hayewa da uwarta zuwa asibiti a ɓoye. Duk babobinsa da muke tsallakewa, abin da yake gani ke nan yana haɗiyewa. Tausayi ya kama ni, kunya ta biyo baya, na goge ido na ce ƙurar alli ce.

Malama ta ce, “A ajina in yara biyu suka yi faɗa, ban taɓa yanke hukunci da bakin ɗaya ba. Shi ya sa nake son mai cunkoso. Je ka ka mayar da mutane gidansu.”

Kwana uku na yi ina haɗawa. Na karɓo na Mamman a hannun wani kwandasta da ƙyar, na kwance ukun, na cire kwafe-kwafen birona, na bi lamba ɗaya bayan ɗaya ina tuna Malam Dikko. Inda reza ta ci gindin takarda sai da na liƙa mata siririn ƙyalle da ƙaro kafin basilla ta samu wurin kamawa. Na mayar masa da jan bangonsa, na danne da dutsen guga. Ranar kasuwa Hajiya ta zo, ta auna nauyinsa a hannu, ta sa shi a jaka. Ba ta ɗauki ko ɗaya bayan shi ba, ba ta kuma ce za ta dawo ba. Makon nan har ƙudajen rumfar nan sai da na san su ɗaya-ɗaya.

Ranar kasuwa ta zagayo, rana ta take, na fara fid da rai, sai ga ta. Ta sha sabon lalle, da alama an yi suna a danginsu. Ta ajiye littafin ta ce, “Ƙarshen ɗai nik karanta. Sauran ban taɓa ba, ni ba ni da lokacin direba.”

Na ce, “Haka ne, Hajiya.”

Na juya gefensa. Babobin Mamman, waɗanda a da baƙin mai ne kaɗai a jikinsu, yanzu kowane shafi da jan yatsa a kan baƙin, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Na tsohon ma sun yi ja. Wajen da uwar take roƙon Mamman ya rufa mata asiri, takarda uku sun tattare kamar an ɗiga musu ruwa sun bushe. Na rufe littafin na mayar da shi mazauninsa. Iya yin shiru ma yana cikin sana'ar nan, kuma ku ba ku da shi.

Ta shimfiɗa zanenta a kan tebur, ta fara zaɓen littattafai tana tarawa. A lokacin na san rumfa ta tsira. Da ta gama ta ce, “Ka ƙara man masu mutane da yawa guda biyu. Mata ka so, ba ni ba.” Ta ɗaure kayan, ta ce in ajiye mata su sai gobe. Sannan ta leƙa waje ta hango Cindo yana goge gilashi.

“Kai, mai rigima! Motar Maiyama ta cika?”

Cindo ya ce, “Hajiya, ke da za ki Aliero?”

“Kuberi za ni,” in ji ta, tana gyara mayafi. “Shekara tara babin mutum guda nika karatu.”

Abin da Alu ya gaya mata ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Na dai san kwana biyu ta yi maimakon ɗaya, kuma da ta dawo ɗaukar kayanta akwai ƙullin daddawar Kuberi a jakarta, har ta gutsura mini.

Mai Jan Bango ga shi can a kanta ta sama, ku sauko da shi ku duba gefensa, baƙi ne tun daga farko har ƙarshe, ba ratsi ko ɗaya. Kai kuma mai son buɗe rumfa, ka zo gobe da hantsi. Akwai zare yana jiran danko.